Yawon Ƙarshen Mako Ga Ɗalibinmu Na Ƙasar Waje: A Hana Ko A Bari?



Ya kai ɗan'uwa mai karatu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa ta mujallarmu shi ne wata magana da ta same ni a ƙofar makaranta, ran wata Laraba, bayan an tashi 'yan ajin yamma. Wani bawan Allah daga cikin iyayen yara, wanda babban ɗansa ya yi sauka a nan wurinmu, yanzu kuma yana shekara ta biyu da fara karatu a birnin Alƙahira, shi ne ya tare ni da waya a hannu, ransa a ɓace. Ko gaisawa ba mu gama ba ya miƙo mini wayar, ya ce, "Malam, duba mini nan. Wannan shi ne karatun?"

Na duba. Samari ne su biyar a tsaye a kan wata katanga a bakin teku, ɗaya yana riƙe da gasasshiyar masara, ɗan nasa kuwa yana tsakiya da baƙin tabarau, yana dariya har kunne. Ba yaron ne ya aiko da hoton ba. Wani ɗan ƙanwar Alhaji ne ya gan shi a WhatsApp ya nuna wa uwar yaron, ita kuma ta nuna wa maigida.

Alhaji ya ce, "Malam, fili na sayar na tura yaron nan. Bara ƙannensa sun haƙura da ɗinkin Sallah saboda kuɗin makarantarsa. Ni ina nan ina ƙirga kwabo, shi yana can yana yawon shan iska. Wallahi wannan watan ko sisi ba zai gani ba." Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, a bar ni in kwana da maganar." Na kwana da ita kuwa, har na ga ya kamata in kawo ta nan, domin na san a unguwar nan akwai gidaje da yawa masu ɗa ko 'ya a Masar, ko Madina, ko wata ƙasa, kuma cikin 'yan ajin da nake koyarwa akwai masu wannan buri.

Bari in faɗi ra'ayina tun da wuri, don kada in wahalar da mai karatu. Ni a ganina kuskure ne a hana ɗalibi fita ya ga ƙasar da yake karatu a cikinta. Amma kuskuren da ya fi shi girma shi ne a bar tafiyar ta zama abin ɓoyo, ba shiri, ba shawara, ba sanin iyaye. Kuma ba daga littafi na karanto wannan ba. Ni ma na taɓa tsayawa a kan wannan katanga da Alhaji ya nuna mini, kuma ni ma mahaifina bai sani ba.

A watan Disamba na shekarata ta uku, watau 2014, mu biyar muka haɗa baki za mu je Iskandariyya a hutun Juma'a da Asabar. Akwai ni, da Bakano guda, da Basakkwace, da wani ɗan Damagaram, da wani Bahaushen Zangon Kumasi. Tsakanin Alƙahira da Iskandariyya ta hanyar hamada tafiyar kamar kilomita 220 ce, kusan awa uku a mota. Akwai jirgin ƙasa daga tashar Ramsis, akwai kuma bas, amma ƙuruciya ta ce mana mu yi hayar ƙaramar mota daga hannun wani mutumin unguwarmu, Bakanon nan ya tuƙa, tun da ya ce yana jan motar yayansa tun yana sakandare.

Ka ji wani abin dariya. Mun zauna mun yi muhawara mai zafi a kan hukuncin tafiya ranar Juma'a, muka tabbatar cewa a mazhabarmu ta Malikiyya makaruhi ne wanda Juma'a ta hau kansa ya kama hanya bayan fitowar alfijir, haramun ne kuma bayan rana ta yi zawali. Saboda haka muka yanke mu fita tun kafin asuba. Muka kuma lissafa cewa tafiyar ta wuce mil 48, watau kilomita tamanin da 'yan kai, saboda haka ƙasaru ta samu. Duk wannan mun san shi. Abin da babu wanda ya tambaya a cikinmu shi ne halin da hanyar take ciki da asubahin hunturu. Misirawa suna da wani farin hazo mai laima da suke kira shabbura, wanda yakan sauka a kan manyan hanyoyi da sanyin safiya, har mutum ya kasa hango motar da take gabansa. Da mun tambayi ko mai shayin bakin layinmu, da ya gaya mana. Muka shiga cikinsa muna rarrafe, kowa ya yi tsit, sai salati. Can a tsakiyar hanya muka wuce wata babbar mota da ƙanana uku sun haɗu, ana ta fitar da mutane. Daga nan har muka isa babu wanda ya sake yin raha.

To, amma da yake na yi alkawarin faɗin gaskiya, dole in gaya maka abin da muka samu a wannan tafiya, domin ba kaɗan ba ne.

Mun sallaci Juma'a a masallacin Abul Abbas Almursi, wani malami ɗan asalin garin Mursiya ta Andalus wanda ya rasu a Iskandariyya a 1287. Daura da shi akwai masallacin almajirinsa, Imam Busiri, mai Burda. Ka duba, ƙasidar da muka tashi muna jin ana rerawa a zaurukan garinmu, wadda ni a zuciyata kamar daga sama ta faɗo, sai ga ni a unguwar da aka danganta kabarin mai ita, masunta suna ta gyaran komarsu a ƙetaren titi. Tun daga ranar na daina ɗaukar marubutan littattafanmu kamar sunaye kawai. Na gane mutane ne da suka zauna a garuruwa, suka ci abinci, suka yi maƙwabta. A wannan gari Ibnul Hajib, mai Mukhtasar ɗin da Shehu Halilu ya yi wa sharhi, ya rasu a 1249. Daga nan kuma Ibnu Aɗa'illahi mai Hikam ya fito, shi ya sa ake ce masa Al'iskandari.

Da la'asar muka tafi ganuwar Ƙaitabai, wani katafaren ginin tsaro da Sarkin Masar Ƙaitabai ya fara ginawa a 1477 a daidai wurin da tsohuwar hasumiyar fitila take, wadda take nuna wa jiragen ruwa hanya tun kafin zuwan Annabi Isa, alaihissalam. Matafiyin nan Ibnu Baɗuɗa, wanda ya bar garinsu Ɗanja a 1325 yana ɗan shekara 21, ya ga wannan hasumiya a 1326 gefe guda ya rushe, da ya dawo a 1349 kuwa ya tarar ba ta ko shiguwa. Shi ne kuma daga baya ya zo har Takadda, a ƙasar Nijar ta yau, ya ambaci Gobir da Barno a cikin labarin tafiyarsa. Ɗan Damagaram ɗin nan namu, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin damina ba, ya tsaya ya ƙura wa Bahar Rum ido, sai muka ga hawaye. Ya ce shekara nawa yana karanta babin ruwan teku da hukuncin matacciyar dabbar teku a littafin tsarki, yau ne ya san abin da ake nufi. Gani ya kori ji.

Washegari muka shiga sabon ɗakin karatu na Iskandariyya wanda aka buɗe a 2002, muka ga zaure guda hawa-hawa da yake ɗaukar masu karatu kusan dubu biyu a lokaci ɗaya, kowa da littafinsa, ba ka jin ko tari. Basakkwacen cikinmu ya ce in Allah ya mayar da shi gida sai ya buɗe ɗakin karatu ko da shago ɗaya ne. Ya kuwa cika.

Akwai kuma darasin harshe. Mu da muke tinƙaho da Nahawu da Sarfu, muka je wurin mai gasa kifi, na gyara murya na yi masa Larabcin littafi da cikakken i'irabi. Mutumin ya dube ni, ya kira maƙwabcinsa ya ce ya zo ya ji mai karanta labaran rediyo. Aka yi ta dariya, har da mu. A kwana biyun nan na tsinci Larabcin kasuwa fiye da wanda na tsinta a wata shida ina zaune tsakanin 'yan ƙasarmu, muna Hausa safe da yamma. Wannan ciwo ne da yake damun ɗalibanmu da yawa: mutum ya yi shekara huɗu a ƙasar Larabawa, daga ɗaki sai aji, daga aji sai ɗaki, ya dawo gida in baƙon Balarabe ya zo sai ya riƙa neman mafaka.

Bugu da ƙari, ai wannan hanya ba mu muka fara bin ta ba. Tun wajen shekarun 1240 mutanen Kanem suka kafa makaranta da masauki a Alƙahira domin ɗalibansu da alhazansu, kuma a cikin masallacin Azhar, wanda aka fara ginawa a 970, an keɓe wa Barebari ɓangarensu. Malam Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi ɗan Katsina, a Alƙahira ya rasu a 1741. Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu, ya zauna da Murtada Azzabidi a can. Waɗannan bayin Allah a ƙafa da bayan raƙumi suka ratsa garuruwa, kuma abin da suka gani a hanya yana daga cikin abin da suka koyar. Da Hausawa suka ce tafiya mabuɗin ilmi, sun san abin da suke faɗi.

Yanzu kuma ga ɗaya ɓangaren, wanda Alhaji yake da gaskiya a cikinsa.

A bakin ganuwar nan akwai manyan duwatsu da aka jibge don su tare igiyar ruwa. Ɗan Kumasi ya ce sai ya sauka kansu a ɗauke shi hoto. Duwatsun suna da gansakuka, ga teku tana hauka irin na hunturu. Kafin mu ankara igiya ta doke shi ya zame, ya tafi har ƙirji a tsakanin duwatsu biyu. Cikinmu babu wanda ya iya ruwa. Wani mai kamun kifi da ƙugiya ne ya miƙa masa sandarsa, muka taru muka jawo shi, gwiwa a fashe, waya ta tafi. Ka tsaya ka yi tunani, mai karatu: da abin ya zo da ƙarar kwana, wa zai buga waya Kumasi, kuma me zai ce wa uwar da take zaton ɗanta yana ɗaki yana bitar jarrabawa? Kada ka ce abin wasa ne. A watan Yuli na 2020 mutum 11 suka nutse rana ɗaya a gaɓar Nakhil, yamma da Iskandariyya, galibinsu sun shiga ne don ceton wani yaro. 'Yan ƙasa ke nan, waɗanda suka tashi a bakin ruwa, balle ɗan Sahel.

Ba a nan abin ya tsaya ba. A kan hanyar dawowa, da daddare, aka tsayar da mu a wani shingen bincike. Jami'in ya nemi lasin, Bakano ya miƙa lasin ɗinsa na gida, alhali ana bukatar na ƙasa da ƙasa ko na ƙasar. Ya nemi fasfo, sai ga ɗaya daga cikinmu nasa yana ofis wurin sabunta takardar zama, ko rasit bai riƙo ba. Ba zan ɗora wa jami'in laifi ba, aikinsa ya yi, kuma bai ci mutuncinmu ba. Muka yi awa biyar a kan benci cikin sanyi, sai da mai mota ya zo, sai da wani babban ɗalibi ya bar barcinsa ya kawo takarda. Aka biya tara, aka biya mai mota kuɗin ɓata masa lokaci. Kuɗin da muka lissafa tun farko ya ninka. Ni dai na ci bashi, na yi mako uku ina cin gurasa da wake safe da dare, na rasa darasin Lahadi, ga jarrabawar zangon farko tana tafe a watan Janairu. Da mahaifina ya tambaye ni yadda aka yi kuɗin wata suka ƙare da wuri, na ce littattafai na saya. Wannan ƙarya ita ce ta fi komai tsaya mini a rai, kuma sai bayan na dawo gida na iya zama gabansa na warware ta.

Ka lura da kyau. Duk abin da ya same mu, ba Iskandariyya ce ta jawo shi ba. Ɓoyo ne ya jawo shi. Saboda muna ɓoyewa ba mu shawarci manyan ɗalibai ba, don kada labari ya kai gida. Saboda ba mu yi shawara ba muka shiga hazo, muka hau mota da direba marar lasin, muka fita ba takarda. Da iyayenmu sun sani, da tambayar farko da za su yi ita ce, "Wa zai ja motar?" Wannan tambaya kaɗai da ta ishe mu. Shi ya sa nake cewa hani na ƙarfi da yaji ba ya hana tafiya, shiri kawai yake hanawa. Yaron da yake nesa da kai da dubban kilomita, in ya ƙudurta fita zai fita. Abin da ya rage a hannunka shi ne ko ya fita da saninka da shawararka, ko ya fita a sace.

Game da kuɗi kuwa, ɗalibai ku saurara da kunnen basira. Tun da aka saki Naira a watan Yuni na 2023, Dalar da ake canzawa a wajen Naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Ma'ana, uban da yake aika maka Dala ɗari, nauyin da yake ɗauka ya ninka fiye da sau uku a wancan tsakani, ko da kai a can ba ka ga ƙari ba. Kuɗin nan amana ne, an ba ka su da sunan karatu da ci da sha. Ba ka da ikon karkatar da su zuwa hayar mota sai da yardar mai su. In ka tara daga abin da ka rage na shayi da kati, ko daga ɗan alawus ɗin da makaranta take ba ka, wannan wani abu ne daban. Amma cin bashi don yawo, wannan wauta ce, kuma ni na yi ta, na san ɗacinta.

Saboda haka ga abubuwan da nake ganin in an cika su a bar yaro ya tafi, in ba a cika ba ya zauna.

Na farko, a sanar da gida kafin a tashi, ba bayan an dawo ba. A faɗi garin, da ranar tafiya da ta dawowa, da sunayen abokan tafiya, a kuma ba da lambar mutum ɗaya da ba ya cikin motar, wanda za a iya nema in waya ta ƙi shiga.

Na biyu, a dubi abokan tafiya. Hanya tana tona halin mutum fiye da zaman ɗaki. A kwana biyu za ka san mai rowa, da mai haƙuri, da wanda sai an yi da gaske yake tashi sallar asuba. In ka san mutum da wasa da salla ko da rawar kai a cikin gari, to, a bakin teku abin nasa ƙaruwa zai yi. Kuma a naɗa shugaba guda, kamar yadda sunna ta koyar ga mutum uku in sun kama hanya, wanda zai riƙe kuɗin taro, kuma in ya ce a juya a juya.

Na uku, abin hawa. In akwai jirgin ƙasa ko bas na kamfani, a hau shi. Layin dogo tsakanin Alƙahira da Iskandariyya an gama shi tun 1856, shekara 55 kafin jirgi ya iso Kano a 1911, kuma da shi muka bi da mun huta da kashi uku cikin huɗu na wahalarmu. In kuwa dole sai mota, to, direba ya zama mai lasin da ƙasar ta yarda da shi, wanda ya san hanyar, ya kuma yi barci. A bar tafiyar dare da ta duhun asuba. A tambayi 'yan gari, matambayi ba ya ɓata.

Na huɗu, takardu. Fasfo, da takardar zama wadda ba ta ƙare ba, da katin makaranta, su kasance a jikinka, hotonsu kuma yana cikin waya da wurin wani amini. In takardarka tana wurin sabuntawa, ka haƙura sai ta fito. Ba a fafa gora ranar tafiya. Baƙo a ƙasar mutane darajarsa tana cikin takardarsa, kuma kuskure ɗaya yana iya jawo a mayar da mutum gida da karatun shekara uku a hannu ba shahada.

Na biyar, lokaci. Kada a fita ana saura mako biyu ko uku jarrabawa, kada kuma a dawo a makare har a rasa darasi. Wanda ya ci bashin darasi saboda yawo ya sayar da doki ya sayi linzami.

Na shida, manufa. Kafin ka tashi ka san abin da za ka je gani, ka karanta wani abu a kansa. Malamanmu na fiƙihu ma sun bambanta tsakanin tafiya mai manufa ta halal, da tafiyar wargi kawai, da tafiyar saɓo, har a wajen rangwamen ƙasaru. Hutawa da ganin ƙasa ba laifi ba ne, zuciya ma tana gajiya kamar jiki. Amma akwai wuraren da ɗalibin ilmi bai kamata a gan shi ba, kuma kowa ya san su ba sai na lissafa ba. Sa'an nan ruwa: in ba ka iya ba, tsaya a kan katanga. Hoto bai kai rai ba.

Ga 'yan'uwa mata da suke karatun likita da sauransu a waje, su ma suna da bukatar su ga gari su huta. Shawarata ita ce su bi tafiyar da makaranta ko ƙungiyar ɗalibai mata ta shirya a hukumance, ko su jira zuwan muharrami, kuma duk wannan da yardar iyaye.

Ku kuma iyaye, Allah ya saka muku da alheri, ina roƙonku abu uku. Ku buɗe ƙofar da yaro zai iya gaya muku gaskiya ba tare da ya ji tsoron za a yanke masa abinci ba, domin yaron da aka yanke wa kuɗi a baƙuwar ƙasa bashi zai ci, ko ya faɗa hannun wanda ba ku so. In da hali, ku ware masa ɗan abu kaɗan sau ɗaya a shekara da sunan ganin gari, a fili, ya san iyakarsa. Sa'an nan ku ɗora masa haraji: in ya dawo ya rubuto abin da ya gani, shafi biyu da Hausa ko da Ajami, a karanta wa ƙannensa. Kun ga kuɗinku bai tafi a banza ba, gida duka ya yi tafiyar.

Kada kuma mu manta sanin ƙasa yana da ranarsa. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ran 15 ga Afrilu, 2023, ɗalibanmu da yawa a motocin bas aka fitar da su, wasu zuwa kan iyakar Masar inda suka yi kwanaki a sarari kafin a ba su izinin wucewa, wasu zuwa Fot Sudan. A irin wannan rana, wanda ya saba da hanya, ya iya magana da direba da jami'i, takardunsa kuma suna wuri ɗaya, ya fi wanda bai taɓa wuce ƙofar makaranta ba. Allah ya kiyaye mu da irinta.

Ku kuwa yara 'yan makaranta da kuke karanta wannan kuna mafarkin jirgin sama, ku fara tun daga nan. Wanda yake Kano bai taɓa hawa Dala ko shiga Gidan Makama ba, wanda yake Katsina bai san tarihin Gobarau ba, wanda yake Sakkwato bai taɓa tambayar su wane ne suke kwance a Hubbare ba, in ya je Masar ma dala zai gani ya ɗauki hoto ya dawo yadda ya tafi. Ku koyi fita da izini, da dawowa a kan lokaci, da riƙe ɗan littafi a aljihu kuna rubuta abin da kuka gani. Wanda ya saba gaya wa mahaifiyarsa inda za shi a nan unguwa, shi ne zai gaya mata in yana bayan teku.

Ran Juma'a na je gidan Alhaji na ba shi labarina kamar yadda na ba ka, har da ƙaryar littattafai. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, ashe kai ma?" Na ce, "Ni ma, Alhaji." Muka kira yaron tare. Ya amsa cewa sun je, da jirgin ƙasa suka tafi, kuɗin kuma na aljihunsa ne da ya tara, amma ya ji tsoron faɗa. Alhaji ya yi masa faɗan ɓoyon sosai, yaron ya ba da haƙuri. Kuɗin wata an aika, an rage wani abu a ciki don ya ji a jikinsa, an kuma ce ya rubuto shafi biyu. In ya aiko, kuma mahaifinsa ya yarda, za mu nemi edita ya sa a fitowa ta gaba.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu a inda suke, ya dawo mana da su lafiya da ilmi mai amfani, ya sa wa iyaye albarka a cikin nemansu. Wanda yake da wani ra'ayi daban, ƙofar mujalla a buɗe take, a rubuto a ba malamin aji.